Yadda Ake Tsara Waƙoƙin Sujadar Lahadi: Jagora ga Sabon Shugaban Mawaƙa a Cocin Katolika da na Angilikan

A yawancin coci-cocinmu na Arewa ba a koya wa mutum shugabancin mawaƙa kafin a ɗora masa. Wanda ke riƙe da kwaya ya samu canjin wurin aiki ko ya tafi hidimar ƙasa, sai Fada ko Rabaran ya duba wa ke da murya kuma ba ya fashin zuwa, ya ce masa daga yau kai ne. Wannan jagora ta irin wannan mutumin ce, namiji ko mace, ko a Kafanchan yake, ko Wusasa, ko wani ƙaramin coci a ƙauyen Maguzawa. Na haɗa Katolika da Angilikan wuri ɗaya saboda ƙashin bayan sujadarsu iri ɗaya ne. Inda suka raba hanya zan faɗa.

Abu guda za ka riƙe tun daga farko. Ba a auna aikinka da daɗin muryar kwaya, ana auna shi ne da ko mutanen da ke zaune a benci sun buɗe baki sun rera. In kwaya ta yi abin a yaba amma jama'a sun yi zuru suna kallo, an yi wasa mai kyau, ba a yi sujada tare ba.

Mataki na farko: karatun ranar kafin waƙa

Ran Litinin ko Talata ka nemi karatun Lahadi mai zuwa ka karanta duka: na farko, Zabura, wasiƙa da Bishara. Kada ka fara da tambayar wace waƙa muka iya. Fara da tambayar me za a karanta wa mutane.

A Katolika karatun Lahadi yana zagayawa ne a shekara uku: shekarar A ana bin Bisharar Matiyu, B Markus, C Luka, ita kuwa ta Yahaya tana shigowa musamman a lokacin azumin Kirista na kafin Ista da kuma na Ista. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: shekarar da lambarta ta rabu gida uku ba saura, ita ce C. Ke nan 2025 C ce, 2026 A, 2027 B. Sai dai shekarar coci ba a Janairu take farawa ba, tana farawa ne ran Lahadin farko ta Adbent, wato lokacin jiran zuwan Almasihu, a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. A Angilikan ka duba kalandar shekarar coci, sannan ka tambayi mai wa'azi kai tsaye, domin sau da yawa dayosis ko cocin kansa yana da jigon da ake bi a wannan mako.

Daga nan sai ka duba wane lokaci ake ciki, don kowanne da dokarsa. A Katolika ba a rera "Ɗaukaka ga Allah" a Lahadin Adbent da na azumi. Tun daga Larabar Toka har daren Ista ba a furta Halleluya. Wannan ya haɗa da Halleluyar da ta ɓuya a baiti na uku na wata waƙar baiko, saboda haka ka karanta waƙa har ƙarshenta kafin ka sa ta a jeri. A lokacin azumi kayan kiɗa aikinsu tallafa wa murya kawai, ba a kaɗa su su kaɗai, sai dai Lahadi ta huɗu ta azumi da ranakun manyan bukukuwa. Yawancin cocin Angilikan ma suna ajiye Halleluya a azumi, amma ka tambayi al'adar naku.

Mataki na biyu: abin da ake fara rerawa

A nan ne sababbin shugabanni suka fi tuntuɓe. Mutum zai zauna ya zaɓi waƙoƙi huɗu, ta shiga, ta baiko, ta karɓar Jibi (gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji) da ta fita, ya ce ya gama. Alhali waɗannan huɗun su ne na ƙarshe a muhimmanci.

Babban taron bishop-bishop na Vatikan na Biyu, wanda ya zauna daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da takardarsa kan sujada ran 4 ga Disamba 1963, kuma babi na shida na takardar kacokan kan waƙa yake. A 1967 aka biyo da wani umarni mai suna Musicam Sacram, wanda ya jera abin da ake rerawa hawa uku. Hawa na farko shi ne musayar magana tsakanin Fada da jama'a, irin "Ubangiji ya kasance tare da ku" da amsarsa, da addu'o'in Fada, da "Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki", da Addu'ar Ubangiji. Hawa na biyu shi ne "Ya Ubangiji ka yi jinƙai", "Ɗaukaka ga Allah", shaidar bangaskiya da "Ɗan Rago na Allah". Sai a hawa na uku aka zo kan waƙar shiga, ta baiko, ta Jibi da sauransu. Waƙar fita kuwa ba ta ma cikin tsarin littafin Mas, wato babbar sujadar Katolika. Al'ada ce mai kyau, ba farilla ba.

Shawarata a aikace: in lokacin koyo ya yi maka kaɗan, ka kashe shi a kan "Mai Tsarki" da Zabura da Halleluya. Ka zaɓi karin murya guda na waɗannan sassa, ka riƙe shi tsawon lokaci ɗaya na shekarar coci, misali dukan Adbent, har tsofaffi da yara su haddace. Canza shi kowace Lahadi shi ke mayar da jama'a 'yan kallo.

Akwai kuma kalmomin da ba naka ba ne, ba ka da ikon taɓa su. "Ɗaukaka ga Allah" ba a musanya ta da wata waƙar yabo don kawai akwai kalmar ɗaukaka a ciki. Zaburar da ke bin karatu na farko Maganar Allah ce, ba a cire ta a sa waƙar da wani ya tsara. "Ɗan Rago na Allah" tana raka gutsura gurasa ne, ana iya maimaita ta in aikin ya yi tsawo, amma ta ƙarshe kullum da "ka ba mu salama" take rufewa. Halleluya kafin Bishara kuwa don rerawa aka yi ta. Littafin Mas ma ya yarda a bar ta in ba za a rera ba.

A Angilikan ka fara sanin wace sujada ce, Jibin Ubangiji ko Addu'ar Safe. Littafin addu'arsu ya samo asali ne daga na Akbishop Thomas Cranmer na 1549, wanda aka yi wa gyaran da ya fi shahara a 1662. A tsarin 1662 "Ɗaukaka ga Allah" tana zuwa ne a ƙarshe, bayan an karɓi Jibi, amma a sababbin tsare-tsare an mayar da ita farko; ka duba littafin da ke kan bagadenku kada ka tayar da ita a inda ba a jiranta. A Addu'ar Safe kuma waƙoƙin Littafi Mai Tsarki su ne ginshiƙi: Zabura 95 a buɗewa, Zaburar ranar, sai Te Deum (ita tsohuwar waƙar yabo ce ta coci, ba daga Littafi Mai Tsarki take ba) bayan karatu na farko, sai waƙar Zakariya ko Zabura 100 bayan na biyu. Da yamma waƙar Maryamu ce da ta tsoho Simiyon, duka daga Bisharar Luka. Waƙar da kwaya ke yi ita kaɗai tana da gurbinta bayan gajerun addu'o'i. Gurbi ɗaya ne, ba biyar ba.

Mataki na uku: zaɓen sauran waƙoƙin

Yanzu ka ɗauko littafin waƙoƙi. Kowace waƙa ka yi mata tambaya uku: ta dace da karatun ranar, ta dace da abin da ake yi a wannan lokacin, kuma jama'a za su iya ta?

Waƙar shiga tana tattara hankalin mutanen da suka fito daga gidaje daban-daban, don haka ta zama sananniya mai ƙarfi. Ta baiko ita ce inda kiɗanmu na gida ya fi sakewa, musamman ranar godiyar kaka da ake shigowa da dawa da doya da kaji ana rawa. Ta Jibi kuwa ta zama mai gajeren amshi, domin mutum yana cikin layi, ba littafi a hannunsa. Sabuwar waƙa guda ɗaya ta isa a Lahadi ɗaya, kuma in ka shigo da ita ka maimaita ta makonni biyu ko uku a jere kafin ka ajiye.

Ga wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba ko da littafin yana hannunsu. A saman waƙoƙin da aka gada daga Ingila za ka ga lambobi kamar 8.6.8.6 ko haruffa C.M. Wannan adadin gaɓoɓin kowane layi ne: takwas, shida, takwas, shida. L.M. na nufin 8.8.8.8, S.M. kuma 6.6.8.6. Littattafai irin su Hymns Ancient and Modern, wanda aka fara bugawa a 1861 kuma har yau ana amfani da shi a cocin Angilikan na Najeriya, suna da jeri a baya inda aka tara karin murya bisa wannan awo. In ka ga kalmomin da suka yi daidai da Bisharar ranar amma ba wanda ya san karinsu, sai ka nemi wani kari mai awo ɗaya da jama'a suka sani, ka ɗora su a kai. Sai dai ka rera baitocin duka kai kaɗai tukuna. Adadi kan yi daidai amma nauyin kalmomi ya faɗa inda bai kamata ba.

Mataki na huɗu: daidaita Hausa da kari

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda ba wani littafin Turai da zai yi maka.

Tun zamanin da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan, suka zauna a Zariya a farkon ƙarni na 20, aka koma Wusasa a 1929, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, ake fassara waƙoƙin Turai ana rera su da karinsu na asali. Masu fassarar sun yi ƙoƙari ƙwarai, amma abin da suka fi lura da shi shi ne adadin gaɓoɓi. Ita kuwa Hausa ba ƙirga gaɓa kawai take yi ba, tana auna ta. Akwai gaɓa mai sauƙi, akwai mai nauyi, kuma duk waƙar Hausa ta gaske, ta baka ko rubutacciya, a kan wannan awon take tafiya. Ga kuma hawa da saukar murya a kan kowace kalma.

Ɗauki "Ubangiji". Gaɓa huɗu ce: u gajera, ban mai nauyi, gi gajera, ji doguwa. In kari ya ja dogon sauti a kan gi, za ka ji kwaya na cewa "Ubangiiiji", abin da ba Bahaushen da ke faɗa. Haka "duniya": du doguwa, ni gajera, ya doguwa. "Zunubi" kuwa gajeru biyu ne sannan doguwa. Kunnen jama'a yana jin wannan ko da ba su iya bayyana shi ba. Shi ya sa wata waƙar suke kama ta a ji ɗaya, wata kuma shekara goma ana yi suna gunguni a ciki.

Yadda za ka yi shi ne: rubuta baitin a allo. Sa mutum ɗaya ya karanta shi da ƙarfi kamar yana magana da maƙwabcinsa, ba rerawa ba. Ja layi a ƙarƙashin kowace gaɓa mai nauyi. Sannan ku rera a hankali, ka sa alama duk inda dogon sauti ya faɗa kan gajerar gaɓa. In waƙar taku ce ta gida, gyara kalmar ko ka juya jerin kalmomin. In tsohuwar waƙar littafi ce da kowa ya haddace, kada ka taɓa kalmomin, za ka jawo rigima da dattawa a banza. Rage jan sautin kaɗan ya wadatar. In kuwa kalmomin sujada ne da ba a canzawa, to karin ne zai bi kalma, ba kalma za ta bi kari ba.

A nan 'yan Angilikan suna da wata taska da ba su cika amfani da ita a Hausa ba, wato salon rera Zabura da suka gada. A wannan salo ana riƙe sauti ɗaya a zuba yawancin kalmomin ayar a kansa da saurin magana ta yau da kullum, sai a gaɓoɓin ƙarshe murya ta motsa. Gajeren karin yana ɗaukar aya ɗaya, mai ninki biyu yana ɗaukar aya biyu. Tun da kalmomi ne ke jan ragama, Hausa tana zama a cikinsa da kyau fiye da yadda take zama a waƙa mai ƙayyadadden awo. Aikin kawai shi ne ka zauna da fensir ka sa alamar inda murya za ta motsa a kowace aya, kowa ya kwafa iri ɗaya. Karin Giregori, tsohon salon rerawa na Katolika, wanda takardar 1963 ta ba wa matsayi na farko a sujadar Roma, shi ma a Zabura haka yake aiki.

Ga Zaburar Mas kuma ba sai ka je nesa ba. Mai bayarwa ɗaya da masu amshi abu ne da kowace yarinya ta sani tun daga dandali. Amshin ya zama layi ɗaya, wanda za a kama a ji biyu. Mai bayarwa ya zama wanda ake jin kowace kalma a bakinsa, ko da akwai wanda ya fi shi zaƙin murya.

Mataki na biyar: kayan kiɗa da tsayin murya

Takardar Vatikan ta girmama babban ogan mai bututu, amma ta buɗe ƙofa ga wasu kayan kiɗa da izinin hukumar cocin yankin, ta kuma ce a ba wa kiɗan gargajiyar al'ummai matsayin da ya dace. Saboda haka ganga, kalangu, kacau-kacau da tulun da matan Zumunta ke bugawa a baki da soso ba baƙi ba ne a coci. Ni a ganina bugun tulun nan ya fi gangar bature dacewa da ƙaramin ɗakin sujada, domin yana riƙe taki ba tare da ya danne kalma ba.

Matsalar da ta fi yawa ba irin kayan ba ce, ƙararsu ce. Ran koyo ka bar kwaya na rerawa ka je benci na ƙarshe ka zauna. In ba ka jin kalmomi, a rage lasifikar kibod, a kuma janye makirufo daga bakin ganga. Mai kibod ya daina sa kiɗan nan na inji da ke buga kansa, domin inji ba ya jiran jama'a su ja numfashi a ƙarshen layi.

Sai tsayin murya. Yawancin mutane suna rerawa cikin sauƙi daga C na tsakiya zuwa D na sama. In sautin da ya fi tsayi a waƙar ya kai E ko F, 'yan sofrano za su ji daɗi, maza kuwa za su yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Sauke makullin da mataki ɗaya ko biyu, musamman a sujadar ƙarfe shida na safe a lokacin hunturu, sa'ad da maƙogwaro bai buɗe ba. Rubuta makullin kowace waƙa a gefen sunanta, don in wuta ta ɗauke janareta kuma ya ƙi tashi, wani ya iya tayar da ita da baki a daidai wurin.

Mataki na shida: ranar koyo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Koyo sau biyu a mako ya fi na awa huɗu ran Asabar da dare, wanda ke sa a wayi gari da dasasshiyar murya.

Ku buɗe da addu'a da karanta Bisharar Lahadin, a taƙaice. Sai motsa murya na minti biyar. Abu mafi wuya shi za a fara da shi tun kai bai gaji ba. Yawancin mawaƙanmu da do-re-mi suka koya, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, kuma yana aiki sosai: kowane sashe, sofrano, alto, teno da bas, ya rera nasa da do-re-mi har ya zauna, sannan a sa kalmomi, sannan a haɗa biyu-biyu kafin a haɗa duka. In teno ɗinka mutum biyu ne kuma ɗaya ba ya zuwa kullum, kada ka tilasta murya huɗu. Murya ɗaya da kowa ya riƙe da kyau ta fi huɗu da ke rangaji.

Ku koyi farawa da tsayawa, ba tsakiyar waƙa kaɗai ba. Wa zai ba da sauti, layi nawa kibod zai yi kafin a shiga, da wace alama za a tsaya. Ɗauki sassa masu wuya a waya ka tura wa kowane sashe su riƙa saurare a gida. Kafin Juma'a kuma ka kai wa Fada ko Rabaran jerin waƙoƙin a rubuce, ka tambaye shi abin da zai rera da kansa, da ko akwai baftisma, turare ko baiko na biyu.

Mataki na bakwai: safiyar Lahadi

Ku iso da rabin awa. In akwai sabon amshi, koya wa jama'a shi minti biyar kafin a fara, sau biyu ko uku, ba tare da dogon jawabi ba.

Daga nan idonka ya koma kan bagade. Waƙar da ke raka wani aiki tana ƙarewa ne in aikin ya ƙare: in Fada ya iso kujerarsa, ku kammala baitin da kuke ciki ku tsaya, kada a bar shi tsaye yana jiran baiti uku. In da turare, ka tanadi ƙarin baiti. Banda waƙar da labarinta ko koyarwarta ba ta cika sai an kai ƙarshe, kamar mai yabon Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki baiti-baiti. Irin wannan ba a yanke ta a tsakiya, kuma a Angilikan galibi ana rera waƙa ne har ƙarshenta. Waƙar Jibi a Mas tana farawa ne tun Fada na karɓa, ba sai layi ya yi nisa ba, saboda haka ku shirya yadda mawaƙa za su karɓa kashi-kashi ko a ƙarshe. Bayan an gama, a bar ɗan shiru. Ka gaya wa mai kibod tun da wuri cewa shirun nan da gangan ne, ya ɗauke hannunsa.

Ka samu littafin rubutu guda na kwaya. Kowace Lahadi ka rubuta kwanan wata, waƙoƙin da aka yi, makullinsu, da kalma ɗaya kan yadda jama'a suka karɓa. Shi zai nuna maka waƙar da kuka yi wa yawa da wadda aka manta, shi ne kuma za ka miƙa wa wanda zai gaje ka. A shafinsa na ƙarshe ka jera abubuwan da ake yi sau ɗaya a shekara, don su ne ke zuwa ba shiri: waƙar rakiyar Jibi ta daren Alhamis Mai Tsarki, waƙoƙin girmama gicciye na Juma'a, doguwar shelar Ista da ake rerawa a gaban kyandir, Zaburoyin daren Ista da ke iya kaiwa bakwai kafin a zo wasiƙa, da waƙoƙi biyu na musamman da ake yi kafin Halleluya ran Ista da ran Fentikos. Wanda zai rera shelar Ista a zaɓe shi tun makon farko na azumi, a ba shi takardarsa ya tafi da ita gida.